Ƙafar Rumasa'u

A shekarar da aka raba ƙasar Hindu gida biyu, wata tsohuwa Ba'indiya ta kama ɗakin saman gidan da Hashimu yake gadi a unguwar Misfala, cikin Makka. Tsohon gida ne na dutse, hawa uku, tagoginsa na katako sun leƙo kan lungu. Mai gidan ɗan kasuwa ne a Jidda, ba a ganinsa sai lokacin aikin haji. Yayarsa Sitti Asiya, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke zaune a hawa na tsakiya, kuma abin da ta faɗa shi ake yi. Hashimu da matarsa Ummulkhairi suna ɗakin ƙasa, dab da ƙofar shigowa. Shi ne mai ɗebo wa gidan ruwa daga bazan, matattarar ruwan unguwa, garwa biyu a rataye da sanda a kafaɗarsa. Ita kuma wanki da shara da aiken mata.

'Ya ɗaya ce ta rayu musu, Rumasa'u. Tana 'yar shekara shida zazzaɓi ya kwantar da ita, da ya tashi tafiya ya bar mata ƙafar dama a shanye. An sha rubutu, an yi ƙaho, har wurin wani Balaraben ƙauye aka kai ta ya ɗana mata ƙarfe mai zafi a cinya, ba ta miƙe ba. Sai dai ta ja jiki daga ɗaki zuwa zaure, ko uwar ta goya ta, ga ta ta fara nauyi.

Tsohuwar sunanta Zumurrud, matan lungu suka mayar da shi Hajiya Zumurruda. Daga wani birni da ake kira Lakno ta zo sauke farali, labarin kashe-kashen ƙasarsu ya same ta a Makka, ta ce ba ta ga inda za ta koma ba. 'Yar ƙaramar mace ce, fara, gashinta fari fat, amma bayanta a miƙe yake kamar na budurwa. Larabcinta guntu-guntu ne, sai dai inda baki ya gaza mata hannunta kan ƙarasa, kuma Ummulkhairi ba ta taɓa ganin hannu mai bayani irin nata ba.

Duk ran da Ummulkhairi za ta hau share mata ɗaki, da Rumasa'u take hawa a baya, ta sauke ta a kan tabarma. Wata rana tsohuwar ta matso, ta kama ƙafar yarinyar, ta jujjuya ta, ta danna nan ta danna can tana kallon yatsun. Babban yatsan ya ɗan motsa. Ta ce ƙafar nan ba ta mutu ba, barci take yi. Ta aiki Ummulkhairi shagon Indiyawa ta sayo wani mai mai yaji da ke sa ido hawaye, ta shiga murza ƙafar da shi kowace hantsi. Daga murza aka koma tsayuwa, yarinyar ta riƙe katakon taga da hannu biyu, jikinta na rawa, tsohuwar na tallafe da ƙugunta. Kafin watan azumi ya kama, Rumasa'u tana iya sakin taga ta tsaya ita kaɗai har uwarta ta gama ninke zani.

Ummulkhairi ba ta gaya wa Hashimu ba. Ta ce a ranta sai abin ya tabbata, don mutumin ya sha sa rai ya sha cirewa.

Ranar da hankalinta ya fara tashi, ta hau da kwanon wanki ne ta tarar da su a tsakiyar ɗaki. Tsohuwar ta ɗage zaninta zuwa ƙwauri, tana buga tafin ƙafa a ƙasa, dama, hagu, dama, tana faɗin waɗansu kalmomi marasa ma'ana, ta, tai, tai, tat. Rumasa'u na gabanta riƙe da hannunta, tana kwaikwayo, ƙafar hagu ta buga da ƙarfi, ta daman ta biyo baya a makare. Ummulkhairi ta tsaya a bakin ƙofa. Duk da ba ganga ba algaita, ta san abin da kunnenta yake ji. A nan ta lura da idon sawun tsohuwar, wani baƙin tabo ya zagaye kowanne, kamar inda igiya ta daɗe tana ci.

Ta ajiye kwanon, ta ja ƙofa ta rufe, ta ce, “Hajiya, wannan ba rawa ba ce kuwa?”

Tsohuwar ta saki zaninta ya sauka, ta zauna. Ta ce rawa ce. Ta ce tabon nan na ƙararrawa ne, ƙanana, masu yawan gaske, da aka fara ɗaura mata tun tana kamar Rumasa'u. Sana'ar uwarta ke nan da kakarta, ta yi ta a gidajen manyan Lakno har gashinta ya fara fari. Da ta iso Makka ta kama tufafin Ka'aba ta yi alkawarin ta bari har abada.

“Ban san wani magani na ƙafa ba sai wannan, 'yata,” in ji ta. “Shi aka koya mini. In kin ce a bari, a bari.”

Ummulkhairi ta dubi 'yarta. Tana tsaye, ba ta riƙe da komai, gumi na bin wuyanta, tana jiran abin da uwar za ta ce. Sai ta kasa cewa a bari. Ta ɗauki kwanonta ta fita rufin gida shanya, garin shanyar ta kayar da rigar Sitti Asiya a ƙasa, sai da ta sake ɗauraye ta.

Tana da dalilin tsoro. A shekarun nan ba a jin kiɗa a fili a Makka. Da idonta ta ga masu sanda, 'yan hisbar hukuma, sun fito da garmaho daga wani shagon gahawa sun farfasa shi a titi, mai shagon yana tsaye kansa a ƙasa. Ko biki Hausawan Misfala za su yi, sai an rufe ƙofa, mata su kifa ƙwarya a ruwa suna taɓa ta a hankali, wata na leƙen lungu. Ga Hashimu ba shi da takardar zama ko ɗaya. Yana saurayi ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Sudan kafin ya ƙetaro teku. Ɗakin ƙasan nan shi ne duk abin da suka dogara da shi, kuma kalma ɗaya daga bakin Sitti Asiya ta isa ta fitar da su.

Aka ci gaba, ƙofa a rufe. Ummulkhairi ta koma yin shararta a hankali don ta ji abin da ake koya wa 'yarta. Tsohuwar kuwa, da ta ga asirinta ya riga ya fita, sai bakinta ya buɗe. Tana murza ƙafar tana ba su labari. Ta ce ƙasar Hindu faɗi gare ta, mutum ya yi watanni yana tafiya bai ƙure ta ba, kuma kowane yanki da irin rawarsa. Tasu ta arewa, a da can masu ba da labari ne suka fara ta, suna yawo gari-gari, su tsaya a farfajiyar ɗakin bauta su ba da labarin allolinsu da hannu da fuska. Da sarakunan Musulmi suka zo sai suka ja ta zuwa fada, aka ƙara mata bugun ƙafa da juyi, mutum ya yi ta juyawa kamar mazari sannan ya tsaya cak a kan bugun ƙarshe. A kudu kuma, in ji ta, akwai matan da ake bai wa ɗakin bauta tun suna yara, su da gwiwa a lanƙwashe suke rawa, a buɗe, kamar mai shirin zama a kujerar da babu ita. A bakin teku, inda bishiyar kwakwa ta fi mutane yawa, maza ne ke yi, su shafa wa fuska kore, su sa manyan kaya, su ba da labarin yaƙi guda da ƙwayar ido da gira kawai. Can gabas cikin duwatsu akwai waɗansu mutane masu ƙananan idanu, su ko kaɗan ba sa buga ƙafa, tafiya suke kamar mai tsoron ta da jariri.

Rumasa'u ta tambaye ta wa ya fara. Tsohuwar ta yi dariya ta ce ba wanda ya sani. Ta ce a jikin duwatsun tsofaffin ɗakunan bauta akwai masu rawa a sassaƙe, tsayuwarsu iri ɗaya da wadda ake yi yau. Har ta ji an ce Turawa masu tone-tone sun haƙa wani birni da ƙasa ta binne a yankin Sindi, suka sami ɗan mutum-mutumin yarinya na tagulla, hannu a ƙugu, awarwaro cike da damtse, wanda aka ƙera tun kafin a haifi annabawa da yawa.

Wannan labari shi ya hana Ummulkhairi sukuni. Da ta ɗauka abin na gidajen sarakai ne da masu shaye-shaye, wannan ma ya isa abin kunya. Yanzu ga shi an ce tushensa ɗakin gumaka. Kuma a ina ake koya wa 'yarta? A gidan da in ka hau rufinsa kana hango hasumiyoyin Harami. Ranar ta tafi sallar la'asar, ta zauna a sashen mata tana kallon Ɗakin Allah, ta rasa addu'ar da za ta yi. Ta roƙa wa yarinyar lafiya, sai ta ji kamar tana roƙon a sa albarka a abin da aka hana. Ta yi niyyar gobe ba za ta hau da ita ba. Da gari ya waye Rumasa'u ta riga ta kai kanta gindin matakala, ta hau biyu da ƙafarta, ta juyo tana murmushi. Ummulkhairi ta sunkuya ta goya ta suka hau.

Bayan ƙaramar salla Sitti Asiya ta kira ta. Ta same ta a kishingiɗe, an ɗaure mata kai da ƙyalle, tana shan shayi. Ta ce kwanakin nan kullum da hantsi sai ta ji dum-dum a saman kanta, har ƙura na zubo mata daga rufi. Me Ba'indiyar nan take dakawa? Ummulkhairi ta ce kayan yaji ne, Sitti, kin san su da yaji. Sitti Asiya ta dube ta ta saman kofin shayi, ta ce ita dai ba ta taɓa jin turmi mai tafiya daga wannan kusurwa zuwa waccan ba. Ta ce a gaya mata ta sauko ƙasa ta yi dakanta.

Ummulkhairi ta hau da saƙon. Tsohuwar ta ce to, a bar rawar arewa. Ta shimfiɗa bargo biyu, ta ce yau mutanen gabas za a bi, waɗanda ƙafarsu ba ta ƙara. Ta koya wa yarinyar ɗora yatsu a ƙasa tukuna, sannan diddige ya sauka a hankali. Ta haɗa mata da tsayuwar matan kudu, gwiwa a lanƙwashe, har sai cinya ta ɗauki zafi. Rumasa'u takan yi kuka a wannan, tsohuwar ba ta tausaya mata, sai ta ce haka aka yi mata ita ma, kuma da sanda. In yarinyar ta gaji, don ta manta da zafin, sai ta nuna mata wasan hannu, yadda yatsu ke zama fure, ko barewa, ko tsuntsu yana shan ruwa, da yadda mazan bakin teku ke juya ido. Ummulkhairi ta ce a bar wannan, ai ba ya cikin maganin ƙafa. Tsohuwar ta ce to. Amma yarinya ta riga ta gani.

Ƙarar ta ɗauke, Sitti Asiya ba ta sake magana ba, sai dai Ummulkhairi ba ta daina kasa kunne ba. In aka buga ƙofar gida da ɗan ƙarfi sai gabanta ya faɗi. In ta ji sandar makaho a lungu sai ta leƙa. Ta ja wa Rumasa'u kunne kada ta gaya wa kowa, ko Babanta, kuma kada ta tsaya a gabansa tukuna. Ita kanta ta san wannan ba daidai ba ne, uba yana shigowa kullum ya tarar da 'yarsa a zaune alhali tana iya takawa daga bango zuwa bango. Amma in ya gani zai tambaya, in ya tambaya ba ta san ta inda za ta fara ba. Ta rame, har matan lungu suka fara yi mata zolayar ko an samu ne.

Abin ya fashe wata rana bayan azahar. Hashimu ya dawo daga bazan, kafaɗarsa ta yi ja, suka zauna cin shinkafa su uku. Yana ba su labarin wani raƙumi da ya ƙwace a kasuwa ya tarwatsa masu kankana. Rumasa'u tana son ta nuna masa yadda mai kankana ya tsorata. Ta buɗe ido, ƙwayar ta tafi dama ta dawo hagu da sauri, kanta bai motsa ba, girarta na karkarwa ita kaɗai. Hashimu ya tsaya da loma a hannu. Ya ajiye ta, ya kama kan yarinyar ya shiga tofa mata addu'a. Ya ce da Ummulkhairi iska ce ta shafi yarinyar nan, ya taɓa ganin irin haka a Sudan. Ta shirya ta, bayan la'asar zai kai ta wurin Malam Dauda.

Malam Dauda shi ne mai yi wa Hausawan unguwa ruƙiyya, kuma zaurensa ba ya rabo da mutane. Ummulkhairi ta san halinsa, yakan zaunar da yaro ya yi ta yi masa tambaya cikin lallashi har ya faɗi abin da ya ci jiya. Rumasa'u ba za ta iya ɓoye masa komai ba, kuma abin da aka faɗa a zauren nan kafin magariba ya zaga Misfala.

Ta ce wa Hashimu, “Malam, ba iska ba ce. Ruma, tashi ki je wurin Babanki.”

Yarinyar ta dubi uwarta don ta tabbata. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta koma jikin bango, sannan ta tako, yatsu tukuna, diddige daga baya, tana ɗan karkata dama, har ta iso ta dafa kafaɗarsa. Hashimu ya sunkuya. Ya kama ƙafar ya shafa ta tun daga gwiwa har tafin sawu, ya ji naman da ya fara cikowa. Ummulkhairi ta ga idonsa ya kawo ruwa, ta kau da kai. Sai ta gaya masa duka, man da murzar, bugun ƙafar, sana'ar tsohuwar, ɗakunan bautar, har da ƙaryar da ta yi wa Sitti Asiya. Yana saurare kansa a sunkuye. Da ta gama ya wanke hannu, ya ɗauki garwayensa ya fita, bai ƙarasa abincin ba.

Ranar bai sake yi mata magana ba, washegari ma da asuba ya fita masallaci bai ce mata ci kanki ba. Da hantsi ya hau kai ruwa ɗakin sama kamar yadda ya saba. Ummulkhairi ta bi bayansa ta tsaya a kan matakala. Ya juye ruwan a randa, ya koma bayan ƙofa ya yi sallama, ya ce yana da tambaya. Ya gode mata tukuna, godiya mai tsawo. Sannan ya ce yana so ta gaya masa tsakaninta da Allah, abin da take koya wa 'yarsa, akwai bautar wani abu a ciki?

Daga bayan ƙofa tsohuwar ta ce, “Waɗanda suka fara shi, bauta suke yi da shi, ba zan ɓoye maka ba. Ni da na gaje shi, abinci na ci da shi. Abin da na ba 'yarka gwiwa ce da diddige. Ko Allah zai karɓi wannan rabe-raben nawa, ban sani ba. Ni ma kullum da tsoron nake kwana.”

Hashimu ya ce shi ba malami ba ne. Ya ce a ci gaba da ƙafa, amma ban da hannu, ban da ido, ban da kalmomin nan da ake faɗa. Tsohuwar ta ce ta yarda. Ummulkhairi ta fara sauke ajiyar zuciya, sai ta ji ya ƙara da cewa akwai sauran abu ɗaya. Shi amana aka ba shi ta ƙofar gidan nan, ba zai zauna a kan ƙarya ba. Zai je ya gaya wa Sitti Asiya da bakinsa.

Ta tare shi a matakala, ta rage murya ta roƙe shi. Ta ce ya tuna ba su da inda za su, ya tuna lokacin haji ya matso, ko rumfar kwano ba za su samu ba a Misfala. Ya ce ya tuna. Ya ce gara Sitti ta ji daga gare shi da ta ji daga bakin wani, ranar da masu sanda suka tsaya a ƙofar ƙaninta. Ya raɓa ta ya wuce, ya yi sallama a hawa na tsakiya.

Ummulkhairi ta sauka ɗakinsu ta zauna a bakin gado. Ta dubi tukwanenta, da akwatin ƙarfe, da tabarmi, tana lissafin abin da za a iya ɗauka a kai da wanda sai an nemi jaki. Ta tuna wata 'yar uwar mahaifiyarta, Shatu, da ke zaune can bayan gari wajen Ka'akiyya, inda ruwa sai an yi tafiya mai nisa. Rumasa'u ta tambaye ta me ya faru, ta ce ba komai, ta ba ta wake ta tsince. Daga sama ba ta jin komai sai muryar Hashimu ƙasa-ƙasa, ta tsaya, ta ci gaba. Har inuwa ta bar bakin ƙofa bai sauko ba.

Da ya sauko sai ya ce Sitti na kiranta, ita da yarinyar. Suka hau. Sitti Asiya tana zaune a miƙe, ba ƙyalle a kanta. Ta ce yarinyar ta taka ta gani. Rumasa'u ta taka daga ƙofa zuwa taga ta dawo. Tsohuwar Balarabiyar ta ce masha Allah, ta kira ta ta ba ta alewa. Sannan ta juya kan Ummulkhairi ta wanke ta tas a kan maganar turmi, ta ce ba ta taɓa zaton za ta dubi idonta ta yi mata ƙarya ba. Ta ce ita ba baƙuwar kiɗa ba ce, ranar aurenta a zamanin da, mawaƙa mata sun cika gidan nan har rufi. Amma wancan zamani ya wuce, kuma gidan ba nata ba ne, sunan ƙaninta ne a kansa. Su Hashimu su zauna, saboda gaskiyar da ya faɗa. Ba'indiya kuwa ta nemi wani wuri kafin alhazai su fara sauka.

Ummulkhairi ta durƙusa ta ce, “Sitti, ita ba ta yi komai ba sai alheri. Ni na kai mata yarinyar.”

“Na sani,” in ji Sitti Asiya. “Shi ya sa ban ce yau ba.”

Ummulkhairi aka bar wa kai saƙon. Ta hau ta isar da shi. Hajiya Zumurruda ta saurara, ta gyaɗa kai, ba ta nuna mamaki ba. Ta ce to sai a yi sauri, lokaci ya ƙure. A makonnin da suka rage ba ta sake ba da labarin kowace ƙasa ba. Ummulkhairi ta koma ɗalibarta, tsohuwar ta nuna mata inda za ta danna da babban yatsa, da yadda za ta riƙe diddige ta tura, da tsawon lokacin da yarinyar za ta yi a lanƙwashe kafin a bar ta ta huta. In ta yi ba daidai ba sai ta buge mata hannu.

Tsohuwar ta sami wuri a wani ribaɗi wajen Jiyad, gidan waƙafi da wani attajirin Hindu ya gina don tsofaffin matan ƙasarsu marasa kowa. Hashimu ne ya ɗaukar mata akwati. Da za ta fita ta roƙi Ummulkhairi abu ɗaya, in ta zo gaishe ta kada ta ambaci komai, domin matan can sun san Lakno, kuma in suka gane ko ita wace ce ba mai sake cin abinci da ita.

Sai bayan an sauko daga Arfa, gari ya ɗan sarara, Ummulkhairi ta sami zuwa. Ta dafa dambu ta ƙulla a kwano, ta kama hannun Rumasa'u suka bi ta gefen Harami, suna tafe suna hutawa a inuwar shaguna. Suka tarar da tsohuwar a ɗaki ɗaya da waɗansu mata uku, an ba ta kusurwa kusa da ƙofa, ta sa doguwar safa ta rufe idon sawunta duk zafin nan. Ta karɓe su kamar yadda ake karɓar tsohuwar mai wanki da 'yarta, ta tambayi Hashimu, ta tambayi Sitti. Amma tun da yarinyar ta shigo idonta na kan ƙafar. Da Rumasa'u ta matso gaishe ta, tsohuwar ta ce mata a hankali ai tana jefa nauyinta duka a hagu, ta daina.

Ɗaya daga cikin matan, wata mai tabarau da carbi a hannu, ta tambayi Ummulkhairi da Larabci me ya sami ƙafar yarinyar, kuma wa ya yi mata magani. Ummulkhairi ta ce zazzaɓi ne, kuma mai aka yi ta shafa mata, Allah ya sa aka dace. Matar ta ce wane irin mai, don tana da jika a Bombai mai irin wannan lalura. Ummulkhairi ta kwatanta mata shagon. Matar ta ci gaba da jan carbinta tana kallon yadda yarinyar ta tsaya.

Ba su daɗe ba suka yi sallama. A hanya Ummulkhairi ta yi ta juya kallon matar nan a ranta, ko ta gane wani abu, ko kuwa kallo ne kawai irin na tsofaffi. Ta so ta koma ta ji, ta san komawar ce za ta jawo tambaya. Wajen kasuwar ƙananan kaya Rumasa'u ta ce ƙafarta ta gaji. Uwar ta zaunar da ita a dakalin wani mai sayar da gawayi, ta roƙar mata ruwa ta sha, suka jira har aka fara kiran la'asar, sannan suka tashi suka nufi Misfala.